Kalmar da Kika Furta a Kicin ɗin Alois

Kronach, Laraba da hantsi

Zuwa ga Gerlinde, sanyin idona, ɗumin tafin hannuna a tsakiyar hunturu, furen farko mai ɓullowa ta cikin ƙanƙara, wadda muryarta kaɗai nake ji ko da mawaƙa talatin sun buɗe baki a coci.

Ina fata kina lafiya, domin ni dai ba lafiya ba. Tun ranar Lahadi abinci ya ƙi ni, a shago kuma sau biyu ina ba mutum tabarau ɗin wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kishi nake yi, Gerlinde! An ce kishi kumallon mata, to ga namiji mai shekara hamsin da takwas yana ta amansa. Mako uku ke nan da na nemi aurenki a kan gada, kika ce in jira amsa ranar Lahadin da ake kunna kyandir na farko kafin Kirsimeti. Na jira cikin haƙuri, har sai da muka je gidan Alois.

Kin tuna? Bayan waƙar coci, gwauron nan mai kiwon zuma ya gayyace mu shan gahawa da kek, mu shida. Kika cire takalmi, ya miƙo miki silifas ɗin ulu na marigayiya mahaifiyarsa. Kika zauna a bencin kusurwa, kika jingina bayanki da koren murhunsa na ɗumama ɗaki, kika naɗe ƙafafu, kyanwarsa ta haye cinyarki kamar gadon ubanta. Sai kika lumshe idanun nan da suka hana ni sakat, kika sauke numfashi, kika ce, “Wayyo Alois, wurin nan gemütlich ne!” Wallahi nan take na ture kek ɗina gefe. Shi kuma ya washe baki ya juyo gare ni: “Volkmar, cire kwat ɗin mana, ba mai sace maka. Ko awon ido ka zo yi mana?” Kowa ya yi dariya. Ke ma kin yi, na gani. Kuma a bakin ƙofa na ji yana ce miki ki dawo Lahadi mai zuwa, zai gasa kek na zuma. Lahadina!

Shekara biyu kina zuwa gidana duk Alhamis, ya tauraruwar asubahina. Sau nawa kika faɗi wannan kalma a falona? Ko sau ɗaya! Abin da kike cewa shi ne, “Kai, gidan nan tsaf-tsaf.” Tsaf-tsaf! Haba Gerlinde, ai asibiti ake yi wa wannan yabo.

Kalmar da na sha a nono, sai ga ni ranar Litinin ina buɗe ƙamus a kanta kamar baƙo. Wai ɗumi, wai sakewa, wai zama ba gaggawa, hankali kwance. Ɗumi? Na'urar ɗumama gidana ba ta taɓa sauka daga digiri ashirin da ɗaya ba, murhun Alois kuwa ya gasa maka baya ya bar ƙafarka tana daskarewa. Na rufe littafin na tafi wajen Yaya Hedwig, wadda ta goye ni, na kai mata ƙara. Ko tausayina ba ta ji ba. Ta ce, “Kai ɗan nan, har yau ba ka yi wayo ba. Mace ta ɗaga kofi, kafin ta ajiye ka tura mata ɗan faifai a ƙarƙashi kada tebur ya yi tabo. Tana tsakiyar labari ka miƙe ka wangale tagogi minti goma, wai iska ta canza, a watan Janairu! Wa zai miƙe ƙafa a gidanka?” Na ce mata in ba a buɗe taga ba bango zai yi fumfuna, kowa ya san haka. Ta ce, “To ka auri bangon.”

Daga can na wuce kasuwa na sayo kyandir goma sha biyu. Na jera su a kan tebur, sai na farga ina riƙe da rula ina auna tsakaninsu. Na kunna su duka, na zauna ni kaɗai ina jiran kalmar ta sauko. Falon ya koma kamar gidan makoki, na hure su na kankare kakin da ya ɗiga.

Jiya kishi ya ja ni har gidan Alois, da sunan sayen zuma. Ina so in ga asirin da idona. Ga murhun, ga bencin, ga kyanwar tana hararata. Kin san me na tarar? Warin dafaffen kabeji, safa jiƙaƙƙu a rataye, mai gidan yana sakace da tsinken ashana. Shekara talatin ina shiga kicin ɗin nan, haka yake, ban taɓa jin komai ba sai ƙaiƙayin hanci. Ashe ba a murhu kalmar take ba, ya ruwan bazarar zuciyata! Ke kika shigo da ita a jikinki, kika zauna da ita, kika tafi da abarki, sannan kika ba shi ladan. Wannan wane irin zalunci ne? Amma a hanyar komawa gida wani tunani ya fi wannan ciwo. Ai gidana ma da ita kike zuwa duk Alhamis. Ni ne nake buɗe mata taga.

Duk da haka kada ki yanke mini hukunci tukuna. Tuna bara a rumfar jiran bas, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, muna raba ƙullin gasasshiyar gyaɗa mai sukari. Kika cusa hannunki mai sanyi a aljihun kwat ɗina, har da sukarin, ban hana ki ba. Bas biyu suka wuce mu, ni da ake saita agogo da fitowata ban ko dubi agogo ba. Babu murhu, babu kyanwa, babu kek na zuma. Me ake kiran wannan in ba kalmar nan ba? Shin ba tare da ni kika same shi ba?

Ina roƙonki, ya inuwata, kada ki je wajensa ranar Lahadi. Zumarsa da zaƙi, na yarda, amma zai gasa wa duk wadda ta cire takalmi kek. Ni ba zan yi miki ƙaryar cewa na daina buɗe taga ba, hali zanen dutse ne. Abin da na iya shi ne in jira ki gama labarinki tukuna, kuma in lulluɓe ki da bargo kafin in buɗe.

Yau da safe na rubuta sunanki a 'yar takarda, na manna shi ƙarƙashin nawa a jikin ƙararrawar ƙofa, inda ake sa sunayen masu gida. Takardar ta karkace. Sau huɗu na wuce ta gabanta, yatsuna suna ƙaiƙayi, ban gyara ba. Ranar Lahadi da ƙarfe uku, ko ki zo ki danna ƙararrawar, ko in sauko in ɓanɓare sunan da kaina.

Naki, da zuciya ɗaya da kishi mai yawa, har ranar da numfashi zai bar ni,

Volkmar