Eriyar da Na Kafa a Dutsen Riruwai

Litinin, 1 ga Agusta, 1994

Na iso gida Riruwai da la'asar a bayan akori-kura, ni da akwatunan na'ura da ƙarafan eriya. Man fetur ya yi wuya saboda yajin aiki, sai a yi kwanaki mota ba ta shigo garin ba. Isa, ma'aikacin ɗakin gwajinmu a jami'a, ya sauka a Tudun Wada da na'urar karɓa. Aikin ba wani mai yawa ba ne: in kafa eriya a kan dutse, ta dinga aika ƙara guda ɗaya kamar kukan sauro, shi kuma ya zauna gaban allurar awo ta na'urarsa yana rubuta ƙarfinta. Dakta Shitu, mai duba aikin digirina, yana son sanin yadda ruwan sama da dajin Falgore suke cinye sigina. Ya ce in an san haka, wata rana za a haɗa ƙauyuka da tarho marar waya, har kwamfuta ta aika wa 'yar'uwarta saƙo ta iska. Wata rana dai.

Baba ya sa an yanka mini zakara.

Juma'a, 5 ga Agusta

Bayan an idar da salla Baba ya miƙe a bakin masallaci ya ce ɗansa Labaran ya kawo wa Riruwai tarho. Daga yanzu ba sai an shiga mota ba kafin a kira likita ko a yi wa dangi gaisuwar mutuwa. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu. Wani tsoho ya dafa kaina yana sa albarka.

Na buɗe baki, sai na ga fuskar Baba. Tun da kamfanin kuza ya sallame shi ban ga ya tsaya a gaban jama'a haka ba. Na ce a raina zan gyara maganar a gida. A gida kuma ya riga ya tara baƙi.

Lahadi, 7 ga Agusta

Gayya aka yi mini. Samari sun hau da ƙarafa da batir har ƙololuwar dutse, ba wanda ya yarda in taɓa komai. Mudi ɗan gwaggona ne ya ɗauki batirin a ka, yana ta tsokanata kamar yadda muka saba, wai injiniya ba ya iya hawan dutsen da aka binne cibiyarsa a gindinsa. Da muka ɗaure igiyoyi ya matso kusa, ya rage murya, ya tambaye ni ko da gaske zai iya magana da yayansa da ke Jos.

Na ce, "Sannu a hankali, in sha Allahu."

Ba ƙarya ba ce ai. Haka na yi ta faɗa wa kaina har muka sauko.

Talata, 9 ga Agusta

Ruwa tun safe. Na'ura lafiya lau. Dagaci ya aiko da ƙwai.

Alhamis, 11 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi ramin kuza ya rufta wa Mudi. An tono shi da rai, amma dutse ya murƙushe masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Ina kan dutse ban sani ba, sai ga Dije matarsa ta hawo da goyo a baya, ba mayafi, tana haki. Ta ce, "Yaya Labaran, ka kira asibitin Tudun Wada su turo mota."

Na'urata ba ta da abin magana. Ƙara kawai take aikawa. A nan ne ya kamata in faɗa mata. Ban faɗa ba. Na durƙusa na kama kashe na'urar ina kunnawa, ina kashewa ina kunnawa, wai ko Isa zai ga allura tana tsalle ya gane akwai matsala, ya nemo mota ya taho. Ba mu taɓa shirya wata alama irin wannan da shi ba. Dije ta tsaya a kaina tana tambaya ko sun amsa. Na ce ana nan ana ƙoƙari.

Ta sauka ta faɗa wa mutane ana ƙoƙari. Kafin maganar ta kai ƙasa ta zama an kira, mota na hanya. Habu mai babur yana da ɗan sauran mai a tanki, har ya tayar zai tafi Doguwa neman mota. Baba ya tsayar da shi, ya ce kada ya ƙona mansa a banza, Labaran ya riga ya kira.

Sai da aka kira la'asar na sauko. Na same su a ƙofar gidan Mudi kowa ya zuba wa hanya ido. Na faɗa musu gaskiya a tsaye. Ba wanda ya zage ni. Habu ya tashi babur bai ko dube ni ba, amma hadari ya riga ya haɗo, rafi ya kawo, ya dawo a jiƙe.

Juma'a, 12 ga Agusta

An samu mota da safe. Ban bi su ba, ba wanda ya ce in zo. Ban je masallaci ba.

Asabar, 13 ga Agusta

An yanke ƙafar. Habu ya ce likita ya ce da an kawo shi tun ranar, wataƙila. Wataƙila kawai ya ce. Na wuni ina juya kalmar nan ina neman wurin ɓuya a cikinta.

Litinin, 15 ga Agusta

Baba ya daina zama a dakalin ƙofar gida. Yau na shiga gaishe shi, na same shi yana jan carbi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Ni na faɗa, kai ka yi shiru. Kada ka ɗauke mini nawa laifin."

Gwaggo kuwa in na gaishe ta tana amsawa lafiya lau, har ta tambayi aiki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 18 ga Agusta

Na je Tudun Wada. Dakta Shitu ya zo duba aikin, na tarar da shi da Isa sun baje takardu suna murna. Wai ranar Alhamis ɗin da ta wuce allura ta yi ta faɗuwa tana tashi tun hantsi har la'asar, abin da ba a taɓa gani ba a irin wannan nisa. Dakta har ya fara zancen taron masana da za mu kai sakamakon.

Na ce musu hannuna ne. Na ba su labarin duka. Isa ya riƙe baki, ya ce wallahi ya ɗauka hadari ne, yana zaune a wurin duk wunin, ga asibiti nan ana hango rufinsa daga tagarsa. Dakta ya cire tabarau ya goge, ya yi addu'ar Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Can ya ce to, sai a cire wannan ranar daga cikin sakamako, sauran suna da kyau. Ba da mugunta ya faɗa ba. Gaskiya ne ma, sauran suna da kyau.

Daga nan na shiga asibiti. Mudi ya rame. Zanen da aka lulluɓe shi ya kwanta shafe a inda ƙafar take. Na zauna a bakin gado na yi masa sannu. Yana kallon silin ya ce da na faɗa masa gaskiya a kan dutse ranar nan, da dariya kawai zai yi mini, ya kuma ɗauki batirin duk da haka. Ya juya fuska bango. Dije ta raka ni bakin ƙofa, ta ce masararsu ta kusa nuna, ba ta san wa zai karya ba. Ba roƙona take yi ba, da kanta take magana.

Laraba, 24 ga Agusta

An gama awo. Na kwance eriya. Ban nemi gayya ba, na yi ta sauko da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Batirin ya fi yadda na zata nauyi.

Talata, 30 ga Agusta

Na yi magana da malamin asibitin sha-ka-tafi na garin nan. Na ce da za a samu rediyon oba-oba guda biyu, ɗaya a nan ɗaya a Tudun Wada, awon da muka yi ya nuna murya za ta kai ko ana ruwa. Na gaya masa ba ni da su, ban kuma san wanda zai ba mu ba. Na maimaita masa wannan har ya ce ya ji.

Asabar, 10 ga Satumba

An sallamo Mudi, yana koyon tafiya da sanda. Ni nake karya musu masara, amma bai dawo da tsokanata ba. Jiya dai ya aiko Dije ta ce in daina karya masarar da ba ta bushe ba, in fara daga gefen rafi.

Yau ina gonar Mudi, sai wani Bafulatani, Idi, ya tsaya da shanunsa ya tambaye ni ko ni ne mai tarhon nan, yana son magana da ɗansa a Kaduna. Na ce masa ba tarho ba ne, ba a magana da shi, kuma ma na kwance shi. Ya ce to, Allah ya kyauta, ya kaɗa shanunsa ya wuce. Shi ke nan. Ko minti ɗaya maganar ba ta ci ba.

Dakta ya aiko in koma in fara rubutu. Na ce wa ɗan aiken mota nake jira. An janye yajin aiki tun satin jiya, yau ma ina jin motoci suna fita daga tasha. Hannuna duk ya yi kanta. Gobe akwai sauran kunyoyin da ke gefen rafi.