Garba ya kwashe mini ƙwaya goma

Daren Laraba, watan Rajab, tungarmu ta ƙetaren Yelwa

Allah ya isa tsakanina da Garba. Na san taubashi ne, ya sha ɗauke mini hula ina dariya. Amma yau na dawo daga kamun kifi, na buɗe kwalbar maganina, ƙwaya goma babu.

Bakina ya ja mini. Da ya ga na fara kumatu ya tambaya, sai na ce maganin ƙarfi ne na Turawa, don ƙanjamau ba ta faɗuwa a majalisa. Ni ɗan aji huɗu, wai ni ne mai wayo.

Na iske shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, ko kunya babu. Ya ce, "Haba bawana, mi ya yi zafi? Biyu na sha, saura na kai wa Inna, ta rame."

Malamar asibiti ta ja mini kunne: safe da yamma, babu fashi, babu kyauta. In na tsallake, cutar ta saba da maganin, ya daina ci. Wanda ba shi da ita kuwa, yana iya taɓa masa hanta. Wanga sakarai na wasa da raina, ɗiyata Hadiza ko aji ɗaya ba ta gama ba.

Na ruga wajen Goggo, innar tasa, shida na kwance daga bakin zanenta. Dole na faɗa musu ko maganin mene ne.

Gobe asibitin Yelwa mu uku, a duba su, ni a cika mini kwalba. Garba zai tuƙa kwalekwalen, ko filafili ba zan taɓa ba. Ai ya sha maganin ƙarfi.