Wuƙar da Ba a Wasawa a Tafin Hannu

Gwale, Birnin Kano
Watan Rajab, 1956

Zuwa ga Yayata Turai,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Malam Yero da duk mutanen Gusau. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya, amin.

Bayan haka, Yaya, idon Baffa ya ƙare. Yanar nan ta rufe duka biyun. Ran Juma'a ya zaunar da Malam Mailafiya zai yi masa aski kamar yadda suka saba, ya shafa ruwa, ya ɗora aska, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Mailafiya, je ka wajen wani." Ya naɗe zabirarsa ya rataye, har yau bai sauke ta ba.

Kin san abin da ke cin ransa. Babu jaririn da aka haifa a zuriyarmu da ba shi ya yi masa askin suna ba, ga shi ke da muka daɗe muna roƙa wa Allah kin samu, za ki zo gida haihuwa bayan Babbar Sallah. Jiya na ji shi yana ce wa Gwaggo Hajo, "Ashe ɗan Turai baƙon hannu ne zai taɓa kansa."

Da ƙyar na ja shi asibitinmu. Likitan da nake miƙa wa kayan aiki a ɗakin tiyata, Baturen nan da muke kira Jan Gemu, ya duba shi ya ce yanar ta nuna, ana iya cire ta, amma in aka bar ta ta wuce lokaci tana iya kashe idon gaba ɗaya. Baffa ya ƙi. Wai shi wanzami ba ya kwanciya a ƙarƙashin ƙarfen da bai san kaifinsa ba. Ya ƙara da cewa ba zai ɗauki shawarar mai wankin cokulan Bature ba. Har yau bai yafe mini barin aska da na yi ba.

Da zai ga cokulan nan, Yaya! Na yi aiki da manyan kaya, na ga zarton ƙashi, na ga hantsakin da ke danne jijiya jini ya tsaya nan take. Amma kayan ido daban ne. Akwai ɗan ƙarfe mai riƙe fatar ido a buɗe don kada mutum ya ƙifta. Akwai hantsaki mai haƙora uku da sai ka kanne ido kafin ka gan su. Akwai almakashi da bai kai ɗan yatsana ba, da cokali wanda ƙwayar gero biyu za su cika shi, da allura lanƙwasasshiya kamar yankan farcen jariri. Sai uwarsu duka, wuƙar ido, siririya kamar ganyen ciyawa. Ita ko dafa ta ba a yi tare da sauran, don tafasa tana cinye mata baki, sai dai a kwantar da ita a ruwan magani. Wallahi duk ranar da na ɗauke ta sai tsigar jikina ta tashi, in ce ashe Allah ya sanar da ɗan Adam har wannan.

Ki ba ni shawara, ke yake jin maganarki.

Ka huta lafiya nake ce wa Malam Yero. Naki ƙane,
Isyaku

Gusau
Ƙarshen Rajab

Zuwa ga Isyaku autan Inna,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Malam Yero ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan, ya ce in rage surutu tawada ta yi tsada. Na sha kuka a kan zabirar nan da aka rataye.

Amma kai ma, Isyaku, bokon nan bai ƙara maka wayo ba. Ka cika mini takarda da labarin cokali da allura, ni da ko dafa tuwo ba zan yi da su ba, shi kuwa mai abin ka bar shi a zaure. Ka manta wane ne Baffa? Mutumin da ko wuƙar yanka albasa aka saya a gida sai ya karɓa ya shafa bakinta kafin ta shiga madafa? Ba taurin kai ba ne, tsoro yake ji, kuma hannunsa ne idonsa tun kafin ya makance. Ka roƙi Jan Gemun naka ya sa masa kayan nan a hannu ɗaya bayan ɗaya. In ya ji aikin maƙerin da ya ƙera su, da ƙafarsa zai hau gadon.

Ka gaya masa jikansa yana ta shure-shure, da alama mai faɗa ne irinsa. Ka gaida Gwaggo Hajo, ka ce ta fara tara itacen wanka.

Allah ya bar zumunci. Yayarka,
Turai

Gwale, Birnin Kano
Watan Sha'aban

Zuwa ga Yaya Turai,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya, na bi shawararki, kuma abin ya yi kyau ya kuma ɓaci a zama ɗaya. Ban san ta inda zan fara ba.

Jan Gemu ya yarda, har dariya ya yi, ya ce ai abokin sana'a ne. Aka zaunar da Baffa a ofishinsa, na kawo kayan a faranti tun ba a dafa su ba. Na fara sa masa hantsakin a hannu. Ya bi shi da yatsa har ya iske haƙoran nan, ya matse, ya ji sun shige juna ba ko gezau. Ya ce, "Mutum ne ya ƙera wannan?" Na ce mutum ne. Ya ce, "Tabarakallah." Almakashin kuwa a kunne ya kara shi yana buɗewa yana rufewa, wai yana neman inda zai yi ƙara, bai samu ba. Da ya zo kan cokalin sai ya ce, "To, wannan ne cokalin da kake wankewa?"

Sai aka zo kan wuƙar. Likita yana da wata 'yar ganga kamar bakin kurtun tawada, an ɗaure ta da fatar ɗan akuya mai laushi, da ita ake gwada kaifi. Ya kama hannun Baffa ya kwantar da wuƙar a kan yatsunsa, ya ce kada ya danna, ya dai karkata hannun. Wuƙar ta zame da nauyin kanta ta shige fatar, ko ƙis ba mu ji ba. Yaya, da kin ga fuskar Baffa! Bakinsa a buɗe, yana ta la'ilaha illallahu. Ya ce, "Na yarda. A yanka ni da wannan."

Daga nan ne fa. Kin san yadda yake yi kafin ya miƙa wa wani aska, ya goga ta a tafin hannu, gaba da baya, don kada ya ba mutum ƙarfe ba gyara. Kafin in buɗe baki, fyat, fyat, ya yi wa wuƙar ido haka, ya miƙa wa likita da hannu biyu cikin girmamawa.

Jan Gemu bai yi faɗa ba, amma fuskarsa ta koma kalar gemunsa. Ya mai da wuƙar kan gangar. Ta tsaya. Da ya danna sai muka ji ɓus, fatar ta yage. Baffa ma ya ji. Ya ce, "Me ya faru?" Ni aka bar wa bayani, cewa bakin wuƙar nan ya fi ƙarfin fatar hannu, kuma ita kaɗai ta rage mai kaifi, 'yan'uwanta an aika da su Ingila a wasa su, sai jirgin ruwa ya dawo da su. Ba aikin Baffa kaɗai aka ɗaga ba, har da na wasu tsofaffi da ke jira.

Baffa ya ce a ba shi mawashi ya gyara ɓarnarsa. Likita ya ce da shi a hankali, duk ƙasar nan babu mawashin da zai iya, shi kansa bai iya ba.

Muka kama hanyar gida har muka wuce marinar Ƙofar Mata. Sannan Baffa ya ce, "Isyaku, tun ina yaro nake cewa na san kaifi. Ashe bakin ƙofarsa kawai na tsaya." Tun ranar ba ya cin abincin kirki, kullum sai ya tambaye ni labarin tsofaffin nan. Ni kuma kowace safiya sai na leƙa idonsa, ina tsoron in ga ya yi ja, don likita ya ce in ya fara ja da ciwo to lokaci ya ƙure. Laifina ne, ni na san halin hannunsa.

Ki sa mu a addu'a. Naki,
Isyaku

Gusau
Watan Azumi

Isyaku,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Na faɗi wata magana a kanka da Baffa da ni kaina, Malam Yero ya ce ba zai rubuta ta da azumi a bakinsa ba.

Ka daina cewa laifinka ne, ni na kawo shawarar. Kuma in ka duba, Baffa girmama wuƙar ya yi, iyakar girmamawar da ya sani ke nan. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, sannan na yi kuka. Ka gaya masa in bai ci abinci ba, na rantse a Gusau zan haihu, wanzamin bakin tasha ya yi askin. Malam Yero yana zuwa tashar jirgin ƙasa kullum wai ko zai ji labarin kayan da jirgin ruwa ke saukewa a Ikko, na ce masa jirgin Kano daban, bai ji ba.

In wuƙaƙen sun iso, ka ɗaure masa hannu da rawaninsa.

Yayarka mai kwana da ku a rai,
Turai

Gwale, Birnin Kano
Watan Shawwal

Zuwa ga Yayata Turai,

Gaisuwa, da barka da Sallah. Albishirinki! Wuƙaƙe sun iso, an yi wa tsofaffin nan, an yi wa Baffa idon dama, wanda ya fi matsuwa.

Ba sai da na ɗaure shi ba. Da ya hau gadon da kansa ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Ba a sa shi barci ba, magani aka ɗiga masa idon ya mutu, yana jin duk abin da ake yi. Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta so ta canja ni da wani, wai ɗa ba ya tsayawa a kan ubansa. Baffa ya ce daga kwance, "A bar shi. Shi ya san su."

Na miƙa ƙarfen da ke riƙe fatar ido. Na miƙa hantsaki, likita ya kama farin idon don kada ya motsa. Sannan ya buɗe hannu, na ɗora masa wuƙar. Yaya, na sha ganin aikin nan, amma ranar ne na gan shi da gaske. Ta shiga ta gefen baƙin idon, na hango ta tana ratsawa a ciki kamar kifi a ruwa mai garau, ta fito ta ɗaya gefen, ya ja ta sama sau ɗaya. Jinin da ya fito bai kai a shafa ba. Ya karɓi ɗan almakashin ya buɗe hanya, ya karɓi cokalin ya danna daga ƙasa a hankali, a hankali. Sai ga yanar ta sulluɓo waje, 'yar dunƙule ruwan ƙasa-ƙasa kamar ƙwallon ƙaro. Abin da ya rataye zabirar Baffa ke nan, bai cika cokalin nan ba.

Kafin a rufe idon, likita ya ɗaga hannu a gabansa ya ce me ya gani. Baffa ya ce, "Yatsu." Sai ya ce, "Ga wani kuma a bayanka ya rufe baki da ƙyalle, yana kuka." Ni ne. Sista ta harare ni, don hawaye ba ya halatta kusa da faranti.

Yanzu yana kwance, an tokare kansa da jakunkunan yashi, an hana shi tari da atishawa, shi da ba ya zama wuri ɗaya. In ya warke za a ba shi tabarau mai kauri. Jan Gemu ya ba shi tsohuwar wuƙar kyauta, tana ƙarƙashin matashinsa.

Alhamdu lillahi. Naki ƙane,
Isyaku

Gwale
Ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga 'yata Turai,

Aminci ya tabbata a gare ki da mijinki. Ni ne da hannuna, ki yi haƙuri da girman baƙaƙen.

Ina gani. Na ga Hajo ta tsufa ba ta gaya mini ba. An nuna mini bakin wuƙar nan a madubin likita mai ƙara girma, na ga inda tafina ya kwantar da shi, na yi istigfari.

Amma tabarau yana kawo abu kusa fiye da inda yake. Jiya na miƙa hannu zan ɗauki buta, na damƙi iska. Likita ya ce ido zai saba, sai dai ba kafin sunanki ba. Hannun da ya kuskure buta ba zai ɗora aska a maɗigar jikana ba.

Na sauke zabira na ba Isyaku. Yana koyo a kan Mailafiya, bai yanke shi ba tukuna. An gaya mini yadda ya ɗora wuƙa a hannun likita da ubansa a kwance, hannun yaron bai yi rawa ba.

Ki taho gida. Shi zai yi askin, ni kuma zan zauna kusa in gani.

Allah ya yi muku albarka.
Baffanki