Duwatsun da Aka Yi Murhu da Su

Gidan Rumji

Yaya Zainabu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na dawo daga Maraɗi na tarar da ɓarnar da kuka yi a gidanmu ranar sunan ɗan ƙanenmu Iro. Duwatsun lambuna kuka tumbuke kuka yi murhu da su! Sun yi baƙi ƙirin, babban ya tsage. Tsakuwar da nake sharewa kuwa duk toka ce da ruwan wanke-wanke. Daga nesa na sa aka kawo su a amalanke, na daɗe ina juya kowanne kafin ya sami mazauninsa. Wa ya ba ki izini?

Ƙanenki,
Muttaka

Gangara

Muttaka,

Na amsa gaisuwarka, ko da yake babu ladabi a ciki. Ni na ce a ɗauko su, kuma gobe ma zan sake. Tukunya na jira, ga duwatsu zube ba su da aikin yi.

An tura ka Japan koyon noman rani, ka dawo mana da lambun da ko albasa babu. Har a masallaci ana cewa ɗan Malam Tsoho ya koma bautar duwatsu. Tun da Allah ya karɓi matarka Asiya ka kawo mini 'yarka Mansura ka juya baya. Yarinya ta shiga lakol tana karatun boko ba ka sani ba. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ta fita da gudu, tana zaton kai ne. Dutse ya tsage ka rubuto, ita ko a bakin alƙalami ba ka ambace ta ba.

Yayarka,
Zainabu

Gidan Rumji

Yaya,

Ina gaisuwa. Masu cewa ina bauta, Allah ya isa tsakanina da su. Can Japan na ga irin lambun nan: tsakuwa ita ce ruwa, duwatsu tsibirai, filin da aka bari wayam shi ne abin kallo. Mutum ya zauna ya yi shiru har zuciyarsa ta lafa. Bayan rasuwar Asiya kowa sai ya ce in yi haƙuri, har na tsani kalmar. In na ja manjagara bayan asuba, layi na bin layi, lokacin kaɗai ƙirjina ke sakina.

Mansura kuwa, fuskar uwarta ce sak. Ba na iya kallonta. Kin ji abin da kike son ji.

Muttaka

Gangara

Muttaka,

Gaisuwa. Na ji, amma yarinyar ba ita ta zaɓi fuskarta ba. Ranar kasuwa Mumuni direba zai sauke maka ita da kayanta. Kada ka maido mini.

Zainabu

Gidan Rumji

Yaya,

Ina gaishe ki. Ta iso lafiya. Tana hango ni ta keta tsakiyar lambun da gudu ta rungume ƙafafuna. Sawunta na nan a kan tsakuwa, na kasa sharewa. Ki aiko da takardunta na lakol.

Ke dai ban huce ba tukuna.

Ƙanenki,
Muttaka