Ɗan Kwasara Ya Sa Ka Cikin Mamata, Yaya Lawali

Zuwa ga yayana Lawali, a duk inda kake cikin ƙasar Benin ko gaba da ita.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa mu nan Bagudo muna lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ba ya gaba ba ya baya. An samu damina, shinkafar fadama ta yi kyau. Ƙanenka ne Nasiru, har yanzu ina rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa, inda ka bar ni. Na rubuta wannan a shafina na sada zumunta ne saboda shekaru ke nan lambarka ba ta shiga, kuma ban san wata ƙofa da zan buga ba. Wataƙila cikin masu karantawa a samu wanda ya san ka ya miƙa maka.

Labarin da ya kawo ni shi ne, Ɗan Kwasara ya fitar da sabon albam.

E, mutumin naka. Idan a tsaye kake karantawa, nemi wuri ka zauna. Kana nan lokacin da muryarsa ta ɗauke, ka kuma san surutun da aka yi ta yi. Wasu suka ce ya tuba ya rataye gurmi, wasu suka ce sammu aka yi masa a wani biki a Kamba. Kai kaɗai ka dage cewa ciwon maƙogwaro ne kawai, zai dawo, har ka kusa dambe da wani mahauci a kan haka. Ka tsallaka iyaka neman aiki bai dawo ba. To ga shi ya dawo, kai ne kuma ba ka nan.

Ina yawan tuna rediyon nan da ka ɗaure da roba a kan jan babur ɗinka. Fasinja zai ce an iso, kai kuma ka wuce da shi saboda waƙa ba ta ƙare ba, kana cewa, “Bari ta ƙare, garinku ba shi gudu.” Wata tsohuwa mai zuwa Matsinkai ta taɓa jibgar bayanka da mafici tun daga ƙofar gidanta har bayan gari, kai kuwa kana ta amshi.

Kuma kai ne mai ɗauko Ɗan Kwasara da gurminsa daga Zagga zuwa duk inda aka gayyace shi, ko ana rana ko ana ruwa. Har ya zamana yana kiranka Lawali na Inna a gaban jama'a. Ranar da ya fara ambatonka a wurin biki ba mu huta ba a gida, har tunkiyar Inna sai da ka ba ta labari.

Ranar kasuwa albam ɗin ya iso hannuna. Tun kafin in gama buɗe rumfa mutane sun yi layi, kowa da memori a hannu. Ga 'yan kabu-kabu abokanka, ga mata masu tallan kifi, ga Fulani da suka ajiye ƙwaryar nono a gefe. Har malamin nan da ya koyar da mu lissafi ya zo, wai na matarsa ne yake karɓa. Na jona lasifika na kunna domin a ji kafin a tura.

Abin da ya ba ni mamaki, Yaya, kusan ba wanda ya zo jin waƙa kawai. Kowa kunnensa na kan sunaye, yana jiran ya ji ko an tuna da shi. Wani Alhaji mai sayar da taki ya taso tun daga Zagga, ya tsaya a rana waƙa bayan waƙa. Duk lokacin da aka ce “Alhaji” sai ya gyara hula, sai kuma a kira wani. Daga baya ya tafi yana cewa ai muryar ma ta lalace. Mai tuwon bakin tasha kuwa da ta ji sunanta sai ta rangaɗa guɗa, ranar duk wanda ya miƙa kwano sai da ta ƙara masa miya.

Sai gardama ta kaure a kan fiyano, don an sa fiyano a yawancin waƙoƙin. Samari suka ce yanzu ne Ɗan Kwasara ya waye. Dattawa suka ce an danne gurmi, amma sun yarda muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta fi shiga jiki. Wani ya rantse ba shi ne ya rera ba, ƙanensa ne, sai da aka mayar masa da waƙar ya ji tarin nan da yake yi kafin ya ɗauki baiti. Ni dai ina tura waƙa ina tunanin wane ɓangare za ka bi. Na fi zaton za ka zagi fiyanon da safe, da yamma kuma ka kare shi idan wani ya zage shi.

Sai aka zo waƙar ƙarshe. Wannan babu fiyano, gurmi ne kawai. Ya ce a shekarun da ya yi shiru mutanensa da yawa sun rasu bai yi musu sallama ba, don haka zai kira su ɗaya bayan ɗaya. Ya kira mai kalangunsa, ya kira ƙanwarsa, ya kira wani sarkin ruwa. Ina cikin sa wa wata mata memori a waya sai na ji ya ce, “Allah jiƙan Lawali na Inna, mai jan babur, wanda bai taɓa ce man ya gaji ba.”

Memorin nan ya suɓuce daga hannuna, har yau ban gan shi ba. Duk layin ya juyo yana kallona. Wani daga cikin abokanka ya ce, “Nasiru, yaushe anka yi rashin ga ba ku hwaɗi ba?” Na ce masa wallahi ni ma yanzu nake ji.

Kafin in rufe rumfa in isa gida labari ya riga ni. Mata sun fara shigowa da salati. Kawu Sani, ƙanen Inna, har ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Inna ta dogara sandarta ta fito zaure, ta dubi mazan nan ta ce, “Wa yag ga gawa tai? Wa yaw wanke shi? In ba ku gani ba ku naɗe tabarmakku.” Aka naɗe. Tun ranar masu gaisuwa ba su fasa zuwa ba. Takan ba su ruwa, ta tambaye su yara da gona, amma da zarar an fara “ya haƙuri” sai ta tashi ta shige ɗaki.

Ka san ni da bin diddigi. Na nemi lambar wani ɗan amshinsa, shi kuma ya haɗa ni da Ɗan Kwasara da kansa. Na tambaye shi a ina ya ji. Ya ce yana kwance ba lafiya wani direba mai bin hanyar Kamba ya zo duba shi ya faɗa masa, kuma ranar ya yi kuka. Na hau mota na je Kamba, na sami direban a tasha yana cin rake. Ya ce shi ma wata mata ce 'yar ƙabilar Dendawa, mai sayar da busasshen kifi, ta faɗa masa a kasuwar Malanbil, cikin ƙasar Benin. Ya kira ta ya miƙa min wayar. Ta ce ita dai ta ji an ce wani Lawali ɗan kabu-kabu, mutumin Najeriya, ya yi zazzaɓi a Kandi bai tashi ba. Na ce dogo ne ko gajere? Ta ce ba ta gan shi ba. Na ce na Bagudo ne? Ta ce Bagudo ko Ka'oje, ai duk can wajenmu ne. A nan zaren ya tsinke. Kai ma ka san a layinmu kaɗai idan aka ce Lawali sai an tambayi wanne.

Na koma wa Ɗan Kwasara da wannan bayani. Sai ya ce, “In shina da rai, shi zo shi tsaya gabana. Wallahi baitin ga ni ka cire shi da bakina, in yi mashi waƙa tai shi kaɗai.” Ka ji fa. Waƙa guda sukutum taka, abin da ka yi shekaru kana mafarki, kuma ba a nemi komai a wurinka ba sai ka bayyana.

Yanzu gari ya rabu a kan waƙar. Abokanka sukan rage murya idan za su wuce ƙofar gidanmu, wasunsu ma sun dawo sun ce in goge musu ita. Wasu kuma ita suka fi so, sun ce ita ce albam ɗin gaba ɗaya. Mata na rera sunanka a bakin rijiya, ciki har da amaren da aka kawo garin bayan tafiyarka, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarka ba. Na gwada yanke baitin a kwamfuta. Na iya kam, amma sai gurmin ya yi tsalle a wurin, duk wanda ya ji ya san an cire wani. Na mayar da shi yadda yake.

Tambayoyi sun cika min kai, Yaya. Ka ji ta? A ina ka ji ta, a tasha ko a rumfar mai shayi? Yaya mutum yake ji idan yana kurɓar shayinsa ya ji ana yi masa addu'ar mamata? Dariya ka yi, ko shafa jikinka ka yi ka tabbatar? Ka faɗa wa na kusa da kai cewa kai ne Lawalin, kuma sun yarda? Ina so in san ko jan babur ɗin yana nan, ko ka koyi Faransanci, ko ka yi aure. Wani lokaci ina kallon yaran da ke tsallakowa da iyayensu ranar kasuwa, ina neman mai irin kunnuwanka.

Duk shekarun nan ni ne mai nema maka uzuri. Na ce wayarka ta ɓata. Na ce aiki ne bai yi ba, kana jin kunyar dawowa hannu rabbana. Inna takan karɓa, ni ma har nakan yarda da kaina. Albam ɗin nan ya ƙwace min uzuran duka. Da hannuna na tura shi ga masu zuwa Segbana da Kandi da Paraku har Kwatano, ya fi man fetur saurin tsallaka iyaka. Kuma na san ka. Idan kana da rai ka ji shi, idan kuma ka ji shi, ko wayar aro ce da ka kira, ba don kewarmu ba ma, don dai ka cika mana baki cewa Ɗan Kwasara ya sa ka a albam. Shi ya sa yanzu duk wayar da ta yi ƙara a rumfa, cikin na mutane da ke caji, sai in waiwaya in duba ko kai ne. Ina jin tsoro, Yaya. Shirunka na da bai taɓa ba ni tsoro irin na yanzu ba.

Kawu Sani yana so a yi maka sadaka da addu'a bayan Juma'a mai zuwa. Liman ya ce ba a yanke hukuncin mutuwa da waƙa, a nemi shaida. Amma kowa ya san ba abin da za a yi ko a fasa sai abin da Inna ta ce.

Jiya da hantsi ta kira ni tana tsintar shinkafa a faifai, ta ce in kunna mata waƙar. Ba ta taɓa yarda ta ji ta ba sai jiya. Duk mamacin da ya kira, 'yan amshi sukan ce amin, ita ma ta ce amin a hankali, har ga mutanen da ba ta sani ba. Da aka zo kanka 'yan amshi suka ce amin. Na ga bakinta ya buɗe, sai ta rufe shi. Ta yi min alama da hannu in kashe.

Ta daɗe tana juya shinkafar nan ba ta tsinci komai ba. Sannan ta ce, “In shina da rai nic ce amin, na rufe ɗana da bakina. In ko ya tahi, kullum da nika yin shiru addu'ar uwa nika hana mashi, ga shi baƙon ƙasa, babu mai yi mashi. Nasiru, kai da ka iya waya, tambaye shi wacce za ni yi.”

To na tambaye ka.

Allah Shi ne Ya san inda kake. Idan kana bisa ƙasa, Allah Ya tsare ka, Ya rufa maka asiri, Ya sa waya a hannunka kafin Juma'a. Ba sai ka yi bayani ba, ba kuma wanda zai tambaye ka abin da ka samo. Ka ce “Inna” kawai, za ta gane muryar. Idan kuma kana ƙarƙashinta, Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa wanda ya wanke ka ya ga wannan takarda ya zo ya faɗa mana, domin tsohuwar nan ta samu ta saki amin ɗin da take riƙe da shi.

Ka huta lafiya, ko ta wace hanya.

Ƙanenka mai ƙaunarka,
Nasiru,
daga rumfar caji, bakin kasuwar Bagudo.