Iskar Balan-balan

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ya jikin ƙafar? Jikarki Zahra'u tana gaishe ki.

Baban Zahra'u ya ajiye Adaidaita Sahu, ya kama sana'ar balan-balan mai tashi sama. A wani kango a Tarauni yake haɗa iskar. Ruwa yake zubawa a tsohuwar tukunyar gas, da sodar yin sabulu da gutsattsarin alminiyam, ya toshe bakin, sai ta ɗau zafi tana huci. Maƙwabcinmu Malam Ashiru, mai koyar da kimiyya, ya ce sunan iskar haidurojin. Wai duk iska ba wadda ta kai ta rashin nauyi, ba launi ba wari, kuma tartsatsin wuta ɗaya take jira ta kama. Ya gargaɗe shi, ɗanki ya yi dariya.

A sa mu a addu'a.

Taki,
Saudatu, Gyadi-Gyadi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kun isa gida lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙansa.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a cikin taron gaisuwa. Ina wurin ranar. Abinci na kai masa da hantsi, ina bakin kangon tukunyar ta fashe. Ban ga wuta ba, Inna, sai rigarsa da ke ci. Malam Ashiru ya ce haka harshenta yake, da ƙyar ake ganinsa da rana. Igiyar da ya ɗaure hajarsa da ita ta tsinke, balan-balan ɗin duka suka tashi, yaran unguwa suna murna ba su san me ya faru ba.

Tun ranar ko risho zan kunna sai na fara buɗe ƙofa da taga. Nakan shinshina ɗaki, alhali na san iskar ba ta da wari. Zahra'u kuwa kullum tana tsakar gida tana kallon sama.

Jiya ƙaninsa Inuwa ya zo ya ɗauke ɗaya tukunyar da marigayi ya ajiye a gida da ragowar sodar, wai Babbar Salla ta matso, ciniki zai yi kyau. Ina takaba, ba halin in bi shi. Na roƙe shi ta bayan labule, shi ma dariya ya yi, muryarsu iri ɗaya.

Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki taho gobe, kar ki aiko kowa.

Taki,
Saudatu