Ƙwayoyin Jinin Ottavio

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Ina fatan Inna Veta tana leƙo ki. Ni lafiyata ƙalau a Torino, abinci ne dai ba ya shiga sosai kwanan nan.

Kin san aikina. Mukan ɗebi ƙwayoyin garkuwar jiki daga jinin mai ciwon daji, mu gyara musu halitta, mu rene su a akwati mai ɗumin jikin mutum har su iya kashe cutar. Wani dattijo, Ottavio, ya ba mu nasa don bincike. Yau sati uku da rasuwarsa, amma Mama, ƙwayoyinsa ba su sani ba. Kullum da safe ina ba su abinci, suna ta hayayyafa. Jiya na zuba musu irin cutar da ta kashe shi, kafin in tashi aiki sun cinye ta tas.

Ranar Talata matarsa ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "'Yar nan, har yanzu da ɗuminsa?"

Na ce e.

Ta ce, "To, ki riƙa yi masa hira, ba ya son shiru."

Kar ki faɗa wa kowa, ina yi.

Shugabarmu ta ce gwaji ya ƙare, ran Juma'a ni zan zuba wa ƙwayoyin maganin kashewa. Don Allah ki kunna masa kyandir a coci ranar. Ki tambayi Fada gefen da za ki kafa shi, inda ake kafa wa rayayyu ko inda ake kafa wa matattu.

Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Sanda